Yoyon kafireta: a daina toshe tiyo, a nemo dalili

Duk wanda ke bi da sassafe ta inda 'yan acaɓa da masu adaidaita sahu ke jera baburansu ya san warin nan. Tun kafin a tayar da inji ko ɗaya, iska ta riga ta ɗauki fetur. In mutum ya sunkuya zai ga tabo baƙi-baƙi a ƙasa daidai saitin inji, wani ya bushe, wani da sauran danshinsa. A tambayi mai babur, amsarsa ba ta wuce biyu: "Ai haka yake, in ya kwana sai ya ɗan zubar," ko kuma "Obafulo ne, da na ƙwanƙwasa zai daina." Sai ya zaro sifana ya bubbugi gindin kafireta, ya buga kik, ya fita neman abinci.

Wannan sabo da aka yi da ɗigon fetur kuskure ne babba. Babur lafiyayye, sabo ne ko tsoho, ba ya zubar da mai ko ɗigo ɗaya a inda aka ajiye shi. Haka janareto, haka injin ban-ruwa. Duk inda aka ga danshi, to wani abu ya lalace, kuma wanda ya san aiki zai gano shi cikin ƙasa da awa ɗaya. Abin takaicin shi ne a gareji da yawa ba a ma nemansa. Ɓoye alamar ake yi, a karɓi kuɗin aiki, a sallami mutum da matsalar da ta fi wadda ya zo da ita.

A fara da aljihu. Lokacin da litar fetur ba ta kai naira 200 ba, ana iya kawar da kai. Amma tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, farashi ya tsallake naira 500 a garuruwan Arewa cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ya haura naira 1,000 a gidajen mai da dama. Ga lissafin da kowa zai iya yi da kansa. Babur da ke ɗiga sau ɗaya duk daƙiƙa biyar yana yin ɗigo 720 a awa, 17,280 a yini da kwana. Ko da an ƙaddara sai ɗigo 40 ke cika mililita ɗaya, abin ya kusa rabin lita kullum, kimanin lita 13 a wata. In lita tana naira 900, kuɗin ya doshi naira 11,700, wato kusan kashi ɗaya cikin shida na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Wanda ke tafka wannan asara kuwa shi ne yaron da ke fafutukar haɗa kuɗin balas kafin magariba, da malamin firamaren da ke auna fetur ɗin zuwa makaranta da kwalba.

Abin da ke cikin kafireta ba wani sirri ba ne. Aikinta ta gauraya fetur da iska daidai gwargwado, kusan awo 15 na iska ga awo ɗaya na mai in an bi nauyi, ta miƙa wa inji. A yawancin babura tanki yana sama, mai yana gangarowa da kansa ta makunnin mai, ya bi tiyo ya shiga wani ɗan kofi da ke gindin kafireta. A cikin kofin akwai fulota, wata aba mara nauyi ta roba ko ta tagulla da ke iyo a kan mai, an maƙala mata 'yar allura mai bakin roba. In kofi ya cika, fulota ta taso ta tura allura ta toshe ƙofar da mai ke shigowa. In inji ya sha, fulota ta sauka, ƙofa ta buɗe. Wanda ya taɓa leƙa tankin ruwa na saman gini ya ga ƙwallon da ke rufe famfo in ruwa ya cika, ya riga ya fahimci aikin. Da yake masu ƙira sun san wata rana allura za ta ƙi rufewa, sai suka kafa siririn bututu a tsaye cikin kofin. In mai ya wuce iyaka sai ya bi ta cikinsa, ya fita ta ɗan tiyon nan da ke reto a ƙarƙashin inji, ya zuba ƙasa maimakon ya shiga inda zai yi ɓarna. Shi ne obafulo, kuma da gangan aka tanade shi don ya gargaɗi mai babur.

Me ke hana allura rufewa? Mafi yawan lokaci datti ne. Ƙwayar yashi guda ko ɓarɓashin tsatsa ya isa ya tokare bakinta, mai ya yi ta tsiyaya. Datti kuwa hanyoyin shigarsa suna da yawa a ƙasar Hausa: jarkar ɗan bumburutu da ta kwana a buɗe, mazurarin da ke kife cikin ƙurar hunturu, kwalbar da ake sayar wa ɗan kabu-kabu a bakin titin Maraɗi ko Damagaram. Tsadar mai ta ƙara wata hanyar. Yanzu mutum ba ya cika tanki, lita ɗaya ko biyu yake zubawa, kullum babur yana kan rizab. Tankin da ke wuni kusan wayam yana tara raɓa a ciki, raɓa ta haifar da tsatsa, rizab kuma daga can ƙasan tanki yake ɗebo mai, inda duk gurɓataccen abu ya kwanta.

Bayan datti sai tsufa. Bakin allura yakan ci har ya yi zobe, ta daina zama daidai a mazauninta. Fulota takan huje ta sha mai, ta yi nauyi ta nutse. Ɗan ƙarfen da take lilo a kai yakan cije. Robar da ke tsakanin kofi da jikin kafireta takan bushe ta tsage, ɗan notin da ake tsiyaye kofi da shi yakan saki, shi kansa bututun obafulo yakan tsage a gindi, tiyon mai kuma rana da zafin inji su busar da shi har ya dare. Ingancin fetur ma yana da hannu. A watan Fabrairun 2022 hukumomi sun tabbatar da cewa an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, lamarin da ya jawo dogayen layuka a gidajen mai. Irin wannan sinadari yana cin roba, ƙananan sassan kafireta kuwa da roba suke rufe mai.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da alamarsa, kuma a nan ake bambance bakanike da mai riƙe da sifana kawai. Bakaniken ƙwarai zai bar inji ya huce, ya tura babur fili inda iska ke kaɗawa, ya ce wa mai shan sigari ya matsa. Zai goge kafireta da tiyo da makunni su bushe ƙarau, ya shimfiɗa kwali a ƙasa, ya buɗe mai, ya tsuguna ya zuba ido. Wuri mafi tsawo da ya fara jiƙewa shi yake nema, domin mai gangarowa yake yi; sau da yawa ana zargin kafireta alhali bakin tiyo ne a sama ke tsiyaya yana bin jikinta. Wasu sukan barbaɗa hoda don su ga hanyar da danshi ya bi. In daga gefen kofi ne, robar ce. In kuwa daga tiyon obafulo ne, sai ya rufe mai, ya kwance kofi, ya tara gwangwani, ya ɗaga fulota a hankali da ɗan yatsa sannan ya sake buɗe mai. In mai ya tsaya cak, allura lafiya take, matsalar tana ga fulota ko tsayinta. In ya ci gaba da zuba, to allura ce ko mazauninta. Fulotar zai kai kunne ya girgiza: in ya ji motsin ruwa a ciki, ta huje. Kofin kuma zai zuba masa mai kaɗan, ƙasa da bakin bututu, ya riƙe a hannu. In ya ɗiga, ko bututun ya tsage ko notin tsiyayewa ba ya rufewa.

Akwai kuma gwajin da ba ya buƙatar kwance komai. A samu siririn tiyo mai haske da ake ganin cikinsa, a sa a bakin magudanar kofi, a lanƙwasa shi sama a jikin kafireta, a sassauta notin. Mai zai hau cikin tiyon ya tsaya daidai inda yake a cikin kofi. A yawancin ƙananan injuna bai kamata ya wuce layin da kofi ya haɗu da jikin kafireta ba. Tsayin fulota da milimita ake auna shi, kuma kamfani ya rubuta adadin a littafin kowane inji. Bambancin milimita biyu ya isa ya sa babur ya riƙa zubar da mai ko ya riƙa shaƙewa a kan hanya.

Gyaran bai fi gwajin wahala ba. A wanke kofi da mazaunin allura, a hura iska da famfo, a canja allurar da ta ci, a canja fulotar da ta huje, a sa sabuwar roba da tiyon da aka yi don fetur, a ɗaure bakinsa da kilif. In tanki ya yi tsatsa a sauke shi a wanke, in ba haka ba gobe datti zai dawo. A ƙarshe a sa 'yar filta tsakanin tanki da kafireta. Kuɗin waɗannan duka bai kai na man da ke zuba a wata guda ba.

Amma me ake gani a gareji da yawa? Mutum ya zo da obafulo, yaron gareji ya kama tiyon ya ƙulle shi, ko ya cusa masa ƙusa ko tsinke, ya ce, "Oga, shi ke nan, ya daina." Ƙasa ta bushe, mai babur ya yi murna. Alhali allura tana nan a buɗe, mai yana ta shigowa. Tunda an toshe masa hanyar fita, sai ya hau ya bi maƙogwaron kafireta ya gangara cikin inji. A can zai wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya zarce ta gefen ringi ya gauraye da wanda ke ƙasa. Baƙin mai ya tsinke, ya daina kare ƙarfe daga cin ƙarfe. Alamun ba sa ɓuya: fulogi ya yi baƙi ya jiƙe, salansa tana fitar da baƙin hayaƙi, babur ya ƙi tashi da safe, ma'aunin baƙin mai ya nuna ya ƙaru maimakon ya ragu, in an shinshina kuma warin fetur yake yi. In silinda ta cika da mai cikin dare, bugun kik ko sitata na farko na iya lanƙwasa sandar fistin. Gyaran allura ya koma sauke inji.

Sauran dabarun ma duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Ana yanko tsohon tub a yi roba da shi, fetur ya kumbura shi cikin kwanaki. Ana shafa sabulu ko gam a inda ya tsage, ɓarɓashin ya koma ciki ya toshe jet, ɗan ramin da mai ke bi zuwa inji. Ana zura waya a jet don a share shi, ramin ya faɗaɗa, babur ya koma shan mai. Ana sa tiyon ƙarin ruwa na asibiti a matsayin tiyon fetur, ya ƙandare ya karye. Wani kuma ya lanƙwasa harshen fulota da ka, wai don a rage wa babur shan mai, inji ya riƙa aiki da ƙarancin fetur yana ɗaukar zafi har bawul ya ƙone. Ga kuma yara masu koyon aiki da ake sa su zuƙo fetur da baki ko su hura kafireta da leɓe, alhali ɗan kaɗan in ya sarƙe su ya shiga huhu yana iya kwantar da su a asibiti. Ita kanta ƙwanƙwasar da ake yi da sifana tana iya sakin allurar da ta cije a isa gida, amma ba ta fitar da dattin, kuma kofin da ake duka kullum wata rana zai tsage.

Galibin wannan maganar dukiya ce. Ta rai ta fi ta nauyi. Fetur yana fitar da tururin da ke kama wuta ko da a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, balle a zafin Sakkwato ko Maiduguri. Tururin ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, don haka ba ya tashi sama ya watse. Ƙasa yake bi, ya taru a lungu, ya ratsa ƙarƙashin ƙofa. In ya kai kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na iskar wuri, tartsatsi guda ya isa. Arewa ba ta manta da Majiya ba, a ƙaramar hukumar Taura ta Jihar Jigawa, inda a daren 15 ga Oktoban 2024 tankar mai ta faɗi, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasa rayukansu, Allah ya jiƙansu. Kowa ya yarda tanka abar tsoro ce. Amma tururin da ya kama a Majiya shi ne dai ke tashi daga babur mai yoyo, kuma saboda tsoron ɓarayi a zaure ko a tsakar gida ake kwantar da babura, wani ma har cikin ɗaki. A gidan akwai risho, akwai murhu, akwai maganin sauro na kunnawa, da hunturu kuma ana shiga da kaskon garwashi. A baburan adaidaita sahu, waɗanda suka zama abin hawan jama'a a Kano tun bayan hana acaɓa a Janairun 2013, inji yana baya a wuri rufaffe dab da kujerar fasinja, ga salansa mai zafi, ga wayoyin wuta. Mata da 'yan makaranta ne ke zaune a kai.

Manoman rani ma abin ya shafe su. Mai injin ban-ruwa a Kura ko Kadawa ko fadamun Haɗeja yakan ɗaure injin a bayan babur ya nufi gona makunnin mai a buɗe. Kowane gargada yana girgiza fulota, allura tana buɗewa, kafin a isa fetur ya cika cikin inji. Shi ya sa masu ƙera irin waɗannan injuna ke umartar a rufe mai kafin a ɗauke su. In rani ya wuce aka jingine inji da mai a kofi, man zai bushe ya bar danƙo, allura ta manne, baɗi a tayar da shi yana zuba. Janareton shago da ke wata guda ba a kunna shi ba ma haka yake. Maganin abu ne na minti biyu: a rufe mai, a kwance notin gindi a tsiyaye kofi kafin ajiya.

Wani zai ce talauci ne ke sa a yi maneji, mai neman na tuwo ba shi da lokacin tsayawa gareji. Uzurin yana da ƙamshin gaskiya, sai dai lissafin da ke sama ya nuna manejin ya fi gyaran tsada. Wani kuma zai ce kafireta ta kusa zama tarihi. Gaskiya ne a Indiya, inda ake ƙera Bajaj da TVS, dokar hayaƙi da ta fara aiki a Afrilun 2020 ta tura akasarin sababbin babura zuwa tsarin feshin mai na lantarki. Amma waɗanda ake turowa Afirka, da na Sin irin su Jincheng da Haojue, yawancinsu da kafireta suke zuwa, saboda ta fi araha kuma ana gyara ta a ko'ina. Hatta baburan da ake mayarwa masu amfani da iskar gas, tun bayan shirin da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, galibi ana bar musu hanyar fetur, man kuma ya daɗe a kofi ba a taɓa shi ba. Kafireta za ta daɗe tare da jama'ar nan, don haka sanin ta wajibi ne.

Nauyin ya rataya a wuyan mutane da yawa. Mai tuƙi ya mayar da rufe makunnin mai ɗabi'a duk lokacin da ya ajiye babur, ya kuma daina kwantar da mai yoyo inda mutane ke barci. Mai babur da ya bayar haya ya sani in ya ƙi biyan kuɗin allura yau, kuɗin sauke inji na jiransa. Mai zuwa gareji ya tambaya kai tsaye, "Malam, me ya lalace?" ya kuma nemi a nuna masa abin da aka cire. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ta dubi jabun allurai da robobin da suka cika kasuwannin kayan gyara, domin bakanike na gari ma yakan sha kunya in ya sa sabon abu ya lalace cikin mako; araha ba ta ado. Hanyar koyarwa kuwa an riga an share ta: Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta ƙulla alaƙa da masu sana'a na kasuwar Panteka don tantance ƙwarewarsu a ƙarƙashin tsarin hukumar kula da ilimin fasaha ta NBTE. Babu abin da zai hana a kai irin wannan ga kanikawan babura a Kano, Gusau, Katsina da Bauci, a koya wa yara gwaji kafin kwancewa.

Waɗanda suka fi kowa iko a nan su ne ƙungiyoyi. ACOMORAN ta haɗa masu babura da masu tuƙi da masu gyara, ƙungiyar kanikawa ta NATA kuma tana da rassa a gareji. Suna da shugabanni a kowace tasha, suna karɓar kuɗin tikiti kullum, suna cin tarar wanda ya tsallake layi. Su sa wannan cikin dokokinsu a rubuce: babur mai zubar da fetur ba zai ɗauki fasinja ba sai an gyara shi, bakaniken da aka samu ya toshe tiyon obafulo kuma ya biya tara ya sake aikin kyauta.